Ƙanena ya damƙa mini sirrinsa, Yayanmu kuma ya ce ya bar addini

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 33, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kano. Mu biyar ne a wajen Umma. Abba ya rasu shekara 6 da suka wuce, tun daga lokacin babban yayanmu ne ke riƙe da gidan, kuma malami ne a Islamiyyar unguwarmu. Autanmu shekararsa 24, yana bautar ƙasa a Kudu.

Da Babbar Sallah muna tsakar gida ana suyar nama, hira ta biyo ta kan wasu samari da aka ce an kama da laifin luwaɗi. Yaya ya ce irin waɗannan kisa ne kawai ya dace da su. Sai Auta ya ce shi bai ga dalilin kashe ko ɗaure baligai biyu da ba su cuci kowa ba, a bar su da Mahaliccinsu. Nan gardama ta kaure. Yaya yana jawo ayoyi, Auta yana maganar 'yancin ɗan Adam da binciken likitoci. A ƙarshe Yaya ya ce boko ya lalata shi, ya yi ridda, kada ya ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi. Umma sai kuka.

Bayan kwana biyu Auta ya zo gidana da daddare, lokacin maigidana ba ya gari. Ya zauna a ƙasa ya ce mini tun yana ɗan shekara 13 zuciyarsa ke karkata ga maza, bai taɓa jin sha'awar mace ba. Ya rantse bai taɓa aikata komai ba. Ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, ya sha rubutu, abin yana nan. Ya ce wani lokacin fatansa ya kwanta barci kada ya farka. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa.

Yanzu Yaya yana so a binciki wayarsa, a kai shi wajen wani malami a tsare shi har ya dawo hanya. Umma kuma tana so a haɗa shi da 'yar Kawunmu kafin azumi, ko bakin mutane ya mutu. Anti, a gardamar nan wa ke da gaskiya? Ina da zunubi idan na ci gaba da ɓoyewa? Me zan yi? Ko barci ba na iya yi.

'Yar'uwarki daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Tambaya uku kika yi mini, amma akwai magana ɗaya a tsakiyar wasiƙarki da ta fi su duka gaggawa, kuma da ita zan fara. Yaro ɗan shekara 24 ya ce miki yana fatan ya kwanta kada ya farka. Ba a ajiye irin wannan magana a gefe a ce sai an gama warware gardama. Kafin ki yi tunanin Yaya, kafin ki yi tunanin 'yar Kawu, ki kira shi ki tambaye shi kai tsaye, ba tare da kwana-kwana ba: "Auta, ka taɓa tunanin kashe kanka? Ka taɓa shirya yadda za ka yi?" Na san harshe yana nauyin furta wannan. Mutane suna tsoron cewa tambayar za ta cusa masa tunanin, alhali likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bayanin cewa tambayar sauƙi take kawo wa mai wannan hali, domin ya ga akwai wanda bai ji tsoron jin amsarsa ba. In ya ce miki ya taɓa shiryawa, ko ya ajiye wani abu a ɗakinsa, fiya-fiya ne ko ƙwayoyi, to kada ya kwana shi kaɗai, kuma a ga likita cikin makon nan. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na tarayya da ke Kaduna. Ya je a matsayin mai fama da damuwa da rashin barci, wanda kuma gaskiya ne. Ba dole ba ne ya zazzage cikinsa a zaman farko, sai ya ga likitan mai riƙon amana ne.

Ba don in tsorata ki na faɗi haka ba. A 2009 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka a kan matasa masu irin halin ƙanenki. An gano cewa waɗanda danginsu suka juya musu baya sosai sun ninka waɗanda ba a kora ba fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu. Ƙasarsu daban, al'adarsu daban, amma zafin a ce uwarka da 'yan'uwanka sun sallama ka iri ɗaya ne a ko'ina, kuma a wajenmu da dangi ne komai na mutum, ina ganin ya ma fi ciwo.

Ki sake duba abin da ya faru ranar Sallah da idon da kike da shi yanzu. Kowa a tsakar gidan ya ɗauka Auta yana kare wasu samari ne da bai sani ba. Ke kaɗai kika san kansa yake tambaya a kai. Ya jefa maganar ne ya ji ko akwai sauran wurin zama gare shi a gidan da aka haife shi, amsar da ya samu ita ce kisa, daga bakin wanda ya tsaya masa a matsayin uba. Duk da haka bai gudu ba, bai kashe wayarsa ba, ya tako ya zo ya zauna a ƙasa a ɗakinki. A cikin mutanen duniya ke ya zaɓa. Wannan amana ce mai nauyi, kuma rashin barcinki shaida ne cewa kin san nauyinta.

To, wa ke da gaskiya? Ni Musulma ce, ba kuma zan yaudare ki ba. Labarin mutanen Annabi Luɗu (AS) ya zo a wurare da dama a Alƙur'ani, a Suratul A'araf aya ta 80 zuwa 84, a Suratu Hud, a Shu'ara'i, a Naml, a Ankabut. Mazhabobin nan huɗu duka sun haɗu a kan haramcin aikin. Duk wanda ya ce miki malamanmu na da sun halasta shi, bai gaya miki gaskiya ba. A wannan gaɓar Yaya yana tsaye a kan abin da ya karanta. Mafi yawan Kiristocin ƙasar nan ma matsayinsu ke nan, har cocin Angilika ta Najeriya ta yi baram-baram da wasu takwarorinta na Amurka da Ingila a kan wannan batu.

Shi kuma ra'ayin da Auta ya ɗauko, yana da kyau ki san daga ina ya taso, don kada ki ɗauka shirme ne kawai na yaran intanet. Akwai masu tunani da ke auna kyau da muni da ma'aunin cutarwa. A wajensu, hukuma ba ta da hurumin hukunta baligi mai hankali sai idan ya cutar da wani. Wani masanin falsafa na Ingila, John Stuart Mill, shi ya shahara da wannan ƙa'ida tun 1859. A 1957 wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa, wanda aka fi sani da kwamitin Wolfenden, ya ba da shawarar a daina ɗaure maza baligai a kan abin da suka yi a ɓoye da yardar juna, aka mayar da shawarar doka a Ingila a 1967. Ko a can ba a taru a kan magana ɗaya ba, domin wani babban alƙali, Lord Devlin, ya tsaya kai da fata cewa al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyarta da doka. Daga baya ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire wannan hali daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Masu wannan ra'ayi suna cewa: mutum bai zaɓi abin da zuciyarsa ke karkata gare shi ba, bai taɓa haƙƙin kowa ba, don me za a tilasta masa kaɗaici har mutuwa, ko a jefa shi kurkuku, saboda aƙidar da wataƙila ma ba tasa ba ce?

Mai addini kuma yana da amsarsa. Zai ce jikin nan amana ne, ba mallakin mutum ba ne da zai yi yadda ya ga dama da shi. Zai ce cutarwa ba ta tsaya ga abin da ido ke gani ba, kuma wanda ya halicci mutum shi ya fi sanin abin da zai gyara shi. Zai ce kasancewar sha'awa tana cikin jinin mutum bai mayar da biya mata buƙata halal ba, kamar yadda mai saurin fushi bai samu izinin duka ba. Kin ga ke nan inda gizo ke saƙar. Ɗaya ya fara lissafi daga "wa aka cuta?", ɗayan ya fara daga "me Ubangiji ya ce?". Mutum biyu da suka tashi daga tasha daban-daban ba za su sauka wuri ɗaya ba don an ɗaga murya a kan kaskon suya. Shi ya sa nake ba ki shawara ki cire ranki daga neman wanda zai ci gasar.

Kuma kowane ɓangare yana jan kimiyya ta inda ta yi masa daɗi. A 2019 mujallar Science ta fitar da bincike a kan ƙwayoyin halittar mutum kusan 480,000. Ba a samu wata ƙwayar halitta guda da ke sa mutum ya zama haka ba. An samu cewa gado yana da hannu, kimanin kashi 8 zuwa 25 cikin 100, sauran kuma abubuwa ne masu sarƙaƙiya da suka haɗu. Wanda ya ce "haka aka haife shi, magana ta ƙare" ya wuce abin da binciken ya nuna. Wanda ya ce "iskanci ne kawai ya zaɓa" shi ma bai yi adalci ba. Wane yaro ne ɗan shekara 13 a Kano zai zauna ya zaɓi abin da zai sa shi kuka a kan sallaya shekara 11? Sannan kimiyya tana iya bayanin yadda abu yake, amma halal da haram ba a ɗakin gwaje-gwaje ake yanke su ba.

Inda zan tsaya in daɗe shi ne inda Yaya ya zarce, domin da ma'aunin addinin da yake karewa za a auna shi. Na farko, shari'a ta raba tsakanin abin da zuciya ke ji da abin da gaɓoɓi suka aikata. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata shi ko sun furta shi ba. Kuka da neman taimako a wajen 'yar'uwa kuwa ba shi ne alfahari da saɓo ba. Bisa abin da ya rantse miki, ƙanenki mutum ne da ya shekara 11 yana danne abin da ke cin ransa saboda tsoron Allah. Da ma'aunin Yaya kansa, irin wannan mutum girmamawa ya cancanta.

Na biyu, kalmar ridda. Aƙidar Ahlus Sunna ita ce babban zunubi ba ya fitar da mutum daga Musulunci, balle wanda bai aikata ba. Gaskiya ne malamai suna ɗaukar halasta abin da aka san haramcinsa a matsayin magana mai hatsari, amma a labarin da kika ba ni Auta bai ce halal ba ne. Cewa ya yi kada a kashe, kada a ɗaure. Maganar uƙuba kuwa malamai da kansu sun saɓa a kanta: Imam Malik ya tafi a kan jifa, Imam Abu Hanifa ya ce babu haddi a kai, ta'aziri ne gwargwadon ganin alƙali. Ko a inda aka ce akwai haddi, aikin kotu ne da shugaba, da sharuɗɗan shaida masu tsauri, kuma ƙa'idar malamai ce a kawar da haddi idan akwai shubuha. Babu mazhabar da ta miƙa wannan hukunci ga babban wa a tsakar gida. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Na tabbata Yaya yana karantar da wannan hadisi ga yaran Islamiyya. Fushi ne ya rufe masa ido, da tsoro.

Ina so ki ga tsoron nan nasa, don kada ki mayar da shi azzalumi a zuciyarki. Mutum ne da mutuwar Abba ta ɗora wa gida a ka. Sunan gidanku, auren ƙannensa, mutuncinsa a gaban iyayen ɗalibansa, duk yana jin a wuyansa suke. Yana kuma tsoron ranar da za a tambaye shi kiwon da aka ba shi. Wanda ke cikin irin wannan firgici yakan ɗauki sanda mafi girma da ya gani. Yana son ƙanensa, hanyar da ya ɗauko ce za ta kai shi ga rasa shi.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi sauƙin amsa. Ba ki da zunubi don kin rufa masa asiri. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya ce wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi duniya da lahira. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, an kawo cewa Annabi (SAW) ya ce wa Hazzal, mutumin da ya ba wani sahabi mai suna Ma'izu shawarar zuwa ya yi iƙirarin zina, da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Wannan fa a kan wanda ya aikata ne. Ina ga wanda bai aikata ba? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ƙanwata. Kada ki faɗa wa Umma, kada ki faɗa wa Yaya, kada ki faɗa wa aminiyarki. Ko maigidanki, in ya ga damuwa a fuskarki, ki ce masa rigimar Yaya da Auta ce ke damunki da kuma halin ƙuncin da yaron ke ciki, ba ki yi ƙarya ba. Abu ɗaya ne ke sa a ɗaga wani sashe na sirri: idan rayuwarsa tana cikin hatsari. A nan ma abin da za ki faɗa shi ne "Auta yana cikin matsananciyar damuwa, yana buƙatar likita", ba dalilin damuwar ba.

Rufin asirin nan ba don lada kaɗai ba ne, kariya ce ta zahiri. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga nuna irin wannan alaƙa a fili ko shiga ƙungiyoyinta. Jihohi 12 na Arewa suna da dokokin shari'a masu hukunci mafi tsanani. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne hukuncin titi. A wannan watan na Janairun 2014 jama'a sun yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu suna neman a kashe mutanen da ake tuhuma, tun alƙali bai yanke hukunci ba. Zargi kaɗai ya isa ya hallaka mutum a garuruwanmu. Magana zarar bunu ce, in ta fita daga bakinki ba ki da ikon inda za ta tsaya.

Binciken waya da Yaya ke so, Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana shi da kalma bayyananniya: kada ku yi bincike. Batun kai shi a tsare kuwa, ki tsaya a gabansa da duk ƙarfinki. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da maza da yara fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Iyayensu ne suka kai yawancinsu da hannunsu, da niyyar gyara. Ba na hana addu'a, ba na hana mutum ya karanta wa kansa Alƙur'ani ya nemi sauƙi wajen Ubangijinsa. Amma duk wanda ya yi muku alƙawarin cewa zai canza zuciyar yaron nan da duka, ko yunwa, ko tsarewa, kada ku yarda. A Amurka akwai wata babbar ƙungiyar Kirista mai suna Exodus International da ta shekara 37 tana wannan alƙawari. A 2013 ta rufe kanta, shugabanta ya fito ya nemi gafarar mutanen da aka jefa cikin ƙunci. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ga yadda nake ganin za ki tunkari Yaya. Kada ki je da gardama, kada ki je a gaban matarsa ko Umma. Ki same shi shi kaɗai bayan la'asar, ki gaishe shi yadda kika saba, ki shigo da maganar a matsayin mai neman ilimi. "Yaya, ka fi ni sani, amma kalmar riddar nan ta hana ni sukuni. Ina jin tsoron kada ta zame mana abin tambaya gobe. Kuma yaron nan in muka kore shi, hannun wa zai faɗa?" Ki tuna masa da sahabin nan da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Abin da kike nema a wajensa kaɗan ne: ya janye kalmar, ya bar batun waya da tsarewa, ya amsa sallamar ƙanensa. Ba ki nemi ya canza aƙidarsa ba. In ya ƙi sauraronki saboda ke ƙanwa ce, ki nemi Baffa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ki kai masa ƙarar kafirtawar da rabuwar kwano kawai. Sauran maganar ta tsaya a cikinki.

Auren da Umma ke shiryawa kuma, ki taimaka a dakatar da shi. Akwai yarinya a cikin wannan lissafi da ba wanda ya tambayi haƙƙinta. Za a yi mata lalle, a kai ta ɗaki da buɗa, ta shekara tana tuhumar kanta me ta rasa da mijinta ba ya kallonta. In auren ya mutu, zumuncinku da gidan Kawu ya mutu tare da shi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ban san algus da ya wuce a aurar da yarinya don a toshe bakin unguwa ba. Ba sai kin ba Umma dalili na gaskiya ba, dalilan fili sun isa: bai gama bautar ƙasa ba, ba shi da aiki, ba shi da ɗaki, ba shi da kuɗin lefe, kuma hankalinsa ba a kwance yake ba. Ki ce mata a ba shi shekara biyu ya tsaya da ƙafarsa. Umma uwa ce, abin da take so shi ne ta ga 'ya'yanta a inuwa ɗaya. Ki riƙa kai mata labarin alherinsa, ki sa ya riƙa kiranta kowace Juma'a ko da minti biyu ne.

Na taso a unguwar da aka kori wani saurayi a kan irin wannan zargi. Ya koma tasha wajen masu sayar da abinci. Abin da ba na mantawa shi ne mahaifiyarsa. Kullum bayan magariba takan zuba tuwo a ƙaramin kwanon sha, ta ɗaure da tsohon ɗankwali, ta ba wani almajiri ya kai masa a ɓoye, alhali ta san a cikin abinci yake kwana. So take ya san akwai wadda ba ta yar da shi ba. Korar ba ta gyara komai ba, ta dai raba shi da masallacin unguwa da duk wanda zai iya yi masa faɗa ya ji. Mahaifinsa ya rasu ba su yi sallama ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka iyayenmu suka ce, amma na ga an yanke, na kuma ga abin da ya biyo baya.

Shi kuma Auta, akwai gaskiyar da za ki gaya masa cikin taushi. Ya daina wannan muhawara a taron dangi, da Facebook, da zaurukan WhatsApp. Ba zai canza ra'ayin Yaya a gaban jama'a ba, kansa kawai yake jawo wa ido. Ya yi hattara da baƙin da ke neman sa da hira a intanet, domin akwai masu farautar irinsa su yaudare shi zuwa wani wuri, su yi masa duka, su ɗauki hotonsa, su riƙa tatsar kuɗi da barazanar tona asiri. Wata rana kuma, in kin ga ya sake, ki tambaye shi a hankali ko wani babba ya taɓa cin zarafinsa yana yaro. Ban ce shi ne sanadi ba, mutane da yawa masu wannan hali ba abin da ya taɓa samunsu. Na kawo maganar ne saboda a bakinmu kalmar luwaɗi ta haɗe abubuwa biyu da ya kamata a raba: fyaɗen da ake yi wa yara maza, wanda zalunci ne da dole a kai mai yinsa gaban hukuma, da kuma halin da baligi ya tsinci zuciyarsa a ciki. In an taɓa cutar da shi, wannan ciwo ne mai neman magani na kansa.

Kada ki yi masa alƙawarin da ba ki da iko a kai. Kada ki ce masa abin zai tafi in ya ƙara azumi, ya riga ya gwada, kuma kowane alƙawari da ya karye yana ƙara masa zaton Allah ya ƙi shi. Ki tuna masa da aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, ki ce masa sallarsa karɓaɓɓiya ce in sha Allah kamar ta kowa, kada ya bar sahu. Yadda zai tafiyar da rayuwarsa nan gaba, tsakaninsa da imaninsa, hanya ce mai tsawo da shi zai taka ta, kuma wataƙila wata rana ya tsaya a inda ba ki so. Ko a ranar kina iya riƙe aƙidarki ki riƙe ƙanenki. Suratu Luƙman ta umarci ɗa ya kyautata zama da iyayen da ke jansa zuwa shirka, ba tare da ya bi su ba. In zumunci bai yanke a kan shirka ba, ban ga abin da zai yanke shi a nan ba.

Ke ma ki kula da kanki. Kina da yara a aji da yara a gida, ba za ki iya ɗaukar wannan kaya ba in kina kwana ido biyu. Ki ci abinci, ki kai kukanki ga Allah a sujada, in nauyin ya yi yawa ki sake rubuto mini, ba zan buga ba sai da izininki.

Yau da daddare, bayan kin kwantar da yara, ki kira shi. Ki fara da tambayar ko ya ci abinci, da yadda wurin aikinsa yake. Sannan ki ce masa: "Maganar da ka gaya mini tana nan a inda ka ajiye ta, ba wanda ya ji. Kai ƙanena ne jiya, kai ƙanena ne yau. In ka samu hutu, gidana za ka fara sauka." Daga nan sai ki yi masa waccan tambaya mai nauyi, ki yi shiru ki saurari amsarsa har ya gama.